René Barjavel: Ɗan Mai Burodin Da Ya Ɗauke Wa Duniya Wuta A Littafi

Duk wanda ya zauna a Lome a shekarar 1998 ba ya bukatar a yi masa dogon bayani game da ɗaukewar wuta. A waccan shekara ruwan tafkin Volta ya ja baya saboda ƙarancin damina, injunan madatsar Akosombo ta ƙasar Gana suka kasa ba da abin da suka saba bayarwa, mu kuwa a Togo da maƙwabtanmu na Benin daga can muke sayen wuta tun farkon shekarun 1970. Aka yi watanni ana rabon lantarki kamar rabon naman layya, unguwar da ta samu yau gobe ta kwana a duhu. Masu sayar da ƙanƙara da kifin firiji suka tafka asara, teloli suka kakkaɓe tsofaffin kekunansu na ƙafa, masu walda suka zauna suna kallon hanya.

To, shekara 55 kafin wannan, wani Bafaranshe mai suna René Barjavel ya zauna ya yi wa kansa tambaya: idan wutar ta tafi a duniya baki ɗaya, a dare guda, kuma ba ta dawo ba har abada fa? Amsar da ya bayar ita ce littafinsa mai suna Ravage, wato ɓarna ko halaka, wanda ya fito a birnin Paris a 1943. Irin wannan rubutu shi ake kira ƙagaggen labarin kimiyya, inda marubuci kan ɗauki wani abu na ilimin zamani ya ja shi zuwa gaba don a ga inda zai kai mutane. Har yau ana karantar da Ravage a makarantun Faransa, kuma yaranmu 'yan lekol da ke karatu da Faransanci za su iya cin karo da shi. Saboda haka ya kamata iyaye su san abin da ke ciki, domin akwai gaskiya a cikinsa, akwai kuma abin da mu mazauna Langabou da Sokode da Dapaong muka fi marubucin sani.

Daga gidan burodi zuwa gidan ɗab'i

An haifi Barjavel ran 24 ga watan Janairu na 1911 a Nyons, wani ƙaramin gari mai itatuwan zaitun a kudancin Faransa. Mahaifinsa mai gasa burodi ne, kakanninsa kuwa manoma. Yana ɗan shekara uku aka fara yaƙin duniya na farko, aka ɗauki uban zuwa fagen fama, uwar ta riƙe gidan burodin. A 1922, yana da shekara 11, uwar ta rasu da cutar da aka kira ciwon barci. Wannan suna ba baƙo ba ne a kunnen tsofaffinmu, don kuwa a zamanin mulkin mallaka ciwon barcin da ƙudan tsando ke kawowa ya yi ɓarna sosai a arewacin Togo, musamman yankin Pagouda, kuma sai a 2020 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Togo ta shawo kansa, ta zama ta farko a Afirka. A Turai ta wancan lokaci akwai kuma wata cutar ƙwaƙwalwa dabam da ake kira da wannan suna. Ko ma dai yaya ne, mutuwar uwar ba ta taɓa barin zuciyarsa ba, har ya tsufa ya rubuta labarin ƙuruciyarsa a littafin La Charrette bleue a 1980.

Wani shugaban makaranta mai suna Abel Boisselier ne ya ga yaron yana da kai, ya tafi da shi makarantar kwana a Cusset, kusa da garin Vichy. Ya gama sakandare, amma babu kuɗin jami'a. Ya yi aikin kula da ɗalibai, ya taɓa aikin banki, sannan yana ɗan shekara 18 ya shiga aikin jarida a Le Progrès de l'Allier da ke garin Moulins. A 1935 ya haɗu da Robert Denoël, wani mai kamfanin buga littattafai a Paris, wanda ya ɗauke shi aiki, har ya zama shi ke kula da harkar takarda da ɗab'i. Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke a 1939 aka sa masa kaki, aka ba shi kofur mai kula da abincin sojoji.

Abin da Faransa ta gani a watannin Mayu da Yuni na 1940 shi ne asalin Ravage. Sojojin Jamus suka ratsa ƙasar cikin makonni kaɗan, miliyoyin mutane suka bar gidajensu suka bazu a kan hanyoyi, wasu a mota har mai ya ƙare, wasu a keke, wasu suna tura amalanke da katifa da tsofaffi a kai. Ƙasar da take ganin babu kamarta, wadda a lokacin take mulkin Togo da Dahomey da Nijar, ta rushe kamar ginin ƙasa a cikin marka. Bayan haka Paris ta zauna ƙarƙashin Jamusawa: babu fetur, abinci sai da kati, da dare kuma duhu da dokar hana fita. A cikin wannan duhu ne ma'aikacin gidan ɗab'in ya rubuta littafinsa.

Abin da ke cikin Ravage

Labarin yana faruwa ne a shekarar 2052. Paris ta zama birni mai dogayen benaye da suka kai gajimare, jiragen ƙasa suna gudu kamar walƙiya, sama cike da ƙananan jirage. Ba a noma, ba a kiwo. Kayan lambu a masana'anta ake tsirar da su, nama kuwa wani ƙaton curi ne da ake rainonsa da sinadarai, ana yanka yana sake tohowa, babu saniya babu mahauci. Mutane ba sa binne matattunsu. Kowane gida na masu hali yana da ɗaki mai sanyin ƙanƙara inda ake ajiye iyaye da kakanni a zaune cikin tufafinsu, iyali suna kallonsu ta gilashi.

Akwai saurayi mai suna François Deschamps, ɗan manoma daga kudu, wanda ya zo Paris karatun kimiyyar noma. Akwai Blanche Rouget, yarinyar ƙauyensu da yake so, wadda wani attajiri mai gidan rediyo da talabijin, Jérôme Seita, ya ruɗe ta da kuɗi da alkawarin zai mai da ita tauraruwa. Har Seita ya sa hannu aka kayar da François a jarrabawar da ya ci. A daren da za a nuna Blanche ga duniya, sai wuta ta ɗauke.

Ba waya ce ta tsinke ba, ba inji ne ya lalace ba. Lantarkin kansa ne ya daina aiki a duniya, kuma marubucin bai tsaya ya warware dalili ba, illa ya yi nuni ga wasu canje-canje a jikin rana. Jiragen sama suka riƙa faɗowa a kan gidaje. Motoci suka tsaya cik inda suke. Famfo ya ƙafe, domin injin da ke tura ruwa sama ya mutu, mutanen da ke hawa na hamsin da na sittin suka riƙa gangarowa a matakala cikin duhu suna tattake juna. Matattun nan da ke ɗakunan sanyi suka narke suka fara ruɓewa, kwalara ta shigo, sannan gobara ta kama birnin babu ruwan kashe ta. Shi kuwa Seita, da ya fito da damin kuɗi yana neman sayen doki, a nan ya gamu da ajalinsa, don ranar takardar kuɗi ba ta da amfanin komai.

François ya tara 'yan mutane, ya tanadi kekuna da guzuri da makamai, ya ja su suka bar Paris suka nufi kudu. Wannan kashi na littafin zai tuna wa mai karatu labarin fataken da, waɗanda suka riƙa tasowa daga Kano da Katsina suna ratsa Sansanne Mango ko Djougou da ƙasar Kotokoli zuwa Salaga neman goro, waɗanda zangonsu ne ya zama unguwannin da da yawa daga cikinmu muke zaune a ciki yau. François madugu ne sosai: shi ke cewa a tashi, shi ke cewa a sauka, shi ke rabon ruwa. Sai dai madugu ne marar tausayi, wanda ke ba da umarni a kashe waɗanda aka kama ba tare da ya yi ko gezau ba. Suka ratsa ƙasar da ta ƙone ta zama toka, ƙishirwa da hauka da wuta suka cinye mafi yawansu, 'yan kaɗan suka isa ƙauyen su François.

Inda ya faɗi gaskiya

Kashin da ke bayanin rushewar birni shi ne ƙarfin littafin, kuma lokaci ya ba shi gaskiya fiye da sau ɗaya. Ran 9 ga Nuwamba 1965 wuta ta ɗauke wa mutum kimanin miliyan 30 a arewa maso gabashin Amurka da wani yanki na Kanada. A watan Yuli na 1977 ta sake ɗaukewa a New York, kafin gari ya waye an fasa kantuna masu yawa an kwashe kaya. A watan Maris na 1989 wata guguwa daga jikin rana ta kashe wutar lardin Quebec na Kanada har tsawon awa tara, kusan abin da Barjavel ya yi nuni gare shi ke nan. Ran 28 ga Afrilu 2025 kuma ƙasashen Sifen da Fotugal suka wuni babu wuta, jiragen ƙasa suka tsaya a daji, katin banki ya zama banza, mai tsabar kuɗi a aljihu shi ne sarki. Hatta naman nan na masana'anta ya tabbata: a 2013 aka ɗanɗana na farko a birnin Landan, wanda aka raino daga ƙwayoyin jikin saniya. Mahautanmu na kasuwar Sokode dai ba su da abin tsoro tukuna, don wanda ya san tsire da balangu ba zai yi saurin komawa can ba.

Abin da Barjavel ya gane shi ne, wuta ba fitila kaɗai ba ce. Ita ke ɗaga ruwa zuwa tanki, ita ke riƙe allurar rigakafi da jini a asibiti, ita ke juya injin niƙa, yau kuma ita ke riƙe da wayar hannu da kuɗin da ke cikinta. Idan ta tafi, sauran suna bin ta ɗaya bayan ɗaya, kuma wanda ya fi dogara gare ta shi ya fi shan wuya. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin tun da aka kafa hukumar wuta ta haɗin gwiwar Togo da Dahomey, wato CEB, a 1968, babban kaso na wutarmu daga waje yake zuwa. Madatsar Nangbeto da aka gama a kan kogin Mono a 1987 ta taimaka, amma ita ma ruwan sama take jira kamar Akosombo. Shekarar da damina ta gaza a can, ko iskar gas ta yanke daga Nijeriya, mu ne a duhu. Ran da fari ya taɓa Volta, mai shago a Lome ya ji a aljihunsa, alhali bai taɓa ganin tafkin da idonsa ba.

Inda muka fi shi sani

Amma littafin bai tsaya a nan ba, kuma kashinsa na ƙarshe shi ne abin da ya sa aka yi wannan rubutu. Bayan shekaru masu yawa, François ya zama uban ƙasa, yana da shekara 129, da 'ya'ya fiye da 200. Ya kafa sabuwar duniya ta manoma. Ya hana gari ya girma ya wuce iyaka, ya hana kuɗi, ya sa an tattara littattafai an ƙone, ya ce karatu da rubutu sai shugabannin ƙauyuka kaɗai. Sabon abu kowane iri haramun ne. Rannan ana biki, wani maƙeri mai suna Denis ya shigo da wani inji mai aiki da tururi da ya ƙera da hannunsa, yana murna zai sauƙaƙa wa 'yan'uwansa wahalar noma. Tsohon ya ce a farfasa injin a kashe mai shi. Maƙerin ya buge shi ya mutu, injin da maƙerin su ma suka hallaka, magajin François ya ci gaba da mulki a kan tafarkin nan. Marubucin kuma ya tsara labarin ne yadda tsohon zai fito a matsayin mai hikima.

A nan ne mai karatu na Langabou zai ajiye littafin ya yi murmushi. Barjavel ya yi shekara hamsin a Paris yana mafarkin ƙauye. Mu kuwa ƙauyen da babu wuta ba mafarki ba ne a wurinmu, da yawa a cikinsa aka haife mu. Mun san daɗinsa: hira a dandali da farin wata, maƙwabci ya san maƙwabci, ba wanda zai kwana da yunwa alhali gidan gaba an tuƙa tuwo. Mun kuma san abin da marubucin bai sa a littafinsa ba. Mun san macen da ke tashi da asuba ta daka, ta ɗauko ruwa daga rafi, ta yi itace, kafin ta kai shekara arba'in bayanta ya gaji. Mun san naƙudar dare da ungozoma ke dubawa da fitilar aci-bal-bal, da maciji a lokacin girbi, da yaron da ke karatun jarrabawa hayaƙin kananzir yana shiga idonsa. Da injin niƙa ya iso ƙauyukanmu ba a ji matan da suka ce a kashe mai shi ba.

Batun maƙerin ma abin dubawa ne. A yammacin hanyar da ta tashi daga Sokode zuwa Kara akwai ƙasar Bassar, inda aka yi ɗaruruwan shekaru ana narkar da tama a dogayen tanderu na ƙasa, wasu suna nan tsaye har yanzu a wajejen Bandjeli. Ƙarfen Bassar ya zama fartanya da gatari a wurare masu nisa. Manomi bai taɓa zama ba tare da maƙeri ba, kuma fartanyar da François yake taƙama da ita wani Denis ne na zamanin da ya ƙago ta. Ƙona littattafai kuwa, wannan ba sai an yi wa Bahaushe dogon sharhi ba. Kakanninmu da suka sauka a zangunan ƙasar nan ba su zo da lantarki ba, amma sun zo da allo da tawada da gafaka, kuma ba su ce karatu na sarakuna ne kaɗai ba. Almajiri ɗan talaka ya yi karatu a gindin wutar kara, ya zama malamin da sarki ke durƙusa wa. Rashin inji dabam, jahilci dabam, shi kuwa Barjavel ya ɗaure su a dami guda ya kira su tsira.

Akwai wani abu kuma da ɗanmu zai ci karo da shi, gara a gaya masa tun da wuri. Kafin wutar ta ɗauke a cikin labarin, an nuna wani sarki baƙar fata da ake kira Robinson, mai mulkin Amurka ta Kudu, yana shelar cewa ya harba makamai don ya shafe Amurka ta Arewa, ramuwar abin da aka yi wa baƙaƙe. An zana shi da jama'arsa da irin zanen raini da Turawan wancan zamani suka saba yi mana, na ban tsoro da ban dariya a haɗe. An rubuta wannan ne a shekarun da dubban sojojin Afirka ta Yamma da suka yi wa Faransa yaƙi suke tsare a sansanonin fursuna na Jamus a cikin Faransar kanta. Ba a ce kada yaro ya karanta ba. A dai zauna da shi a nuna masa cewa mai hangen shekara ɗari gaba yana iya kasa ganin mutumin da ke tsaye a gabansa.

Zargin da ya bi shi

Wannan ƙarshe na komawa gona bai faɗo daga sama ba. Gwamnatin Marshal Pétain da ke Vichy, wadda ta haɗa kai da Jamus, kuma wadda Togo ta Faransa ta zauna ƙarƙashinta har ƙarshen 1942, kullum wa'azinta shi ne birni da jin daɗi ne suka lalata Faransa, magani kuwa shi ne aiki da iyali da komawa ga ƙasar noma ƙarƙashin tsoho guda mai hikima. Duk wanda ya karanta Ravage a 1943 ya ga kamannin. Masu kare Barjavel sukan ce ƙaunar ƙauye a jininsa take, ga shi ma kakanninsa manoma ya sadaukar wa littafin, kuma ya ci gaba da tsoron abin da kimiyya za ta haifar har ƙarshen ransa, bayan Vichy ta daɗe da shuɗewa. Wannan gaskiya ne, amma bai share ɗayan ba.

Abin da ya ƙara nauyin zargin shi ne littafinsa na biyu, Le Voyageur imprudent, wato matafiyi marar hattara, an fara buga shi kashi-kashi a jaridar Je suis partout, wadda ta yi ƙaurin suna wajen goyon bayan Jamus da ƙin Yahudawa. Tsohon babban editanta, Robert Brasillach, harbe shi aka yi a watan Fabrairu na 1945 bayan shari'a. Da aka 'yantar da Paris a 1944 sunan Barjavel ya fito a jerin marubutan da aka ce a ƙaurace musu, daga baya aka cire shi, ba a kuma hukunta shi ba. Maigidansa Denoël bai yi wannan sa'a ba. Ran 2 ga Disamba 1945, ana sauran 'yan kwanaki ya gurfana a gaban masu bincike, aka harbe shi a kan titi a Paris, kuma ba a taɓa kama wanda ya yi ba.

Shi wannan littafi na biyu, wanda ya fito a 1944, yana da wata dabara da ta sa ake ambaton Barjavel a ko'ina. Wani malamin lissafi, Pierre Saint-Menoux, ya sami hanyar tafiya cikin zamani, gaba da baya. Ya je shekara ta 100,000 ya tarar 'yan Adam sun zama kamar tururuwa, kowa da aikin da aka halicci jikinsa dominsa. Sannan ya koma 1793, lokacin da aka kewaye garin Toulon da yaƙi, da niyyar kashe Napoleon tun yana ƙaramin hafsa don ya ga yadda tarihi zai canza. Harsashin ya sami wani soja dabam, ashe kakan kakansa ne, tun bai yi aure ba. To, idan kakan ya mutu bai haihu ba, ba a haifi Saint-Menoux ba. Idan ba a haife shi ba, wa ya yi harbin? Idan ba a yi harbin ba, kakan ya rayu, an haife shi, ya koma ya yi harbin. Wasu marubutan Amurka sun taɓo wannan ƙulli kafin shi, amma nasa ne ya fi shahara a Faransanci. Masu son wasa ƙwaƙwalwa sai su gwada shi a majalisar shayi, su ga ko za a tashi kafin lisha.

Bayan yaƙi littattafai ba su ciyar da shi ba, ga bashi, ga tarin fuka da ya kwantar da shi. Sai ya koma rubuta wa 'yan sinima labari da zance, ciki har da finafinan Don Camillo na ban dariya da aka fara a 1952, inda wani limamin coci da magajin gari ɗan gurguzu suke ta faɗa a wani ƙauyen Italiya. Ya kusa shekara sittin kafin babbar nasara ta zo. A 1968 ya fitar da La Nuit des temps, wanda asalinsa labarin fim ne da aka rasa kuɗin yi. Masu bincike a ƙanƙarar ƙarshen kudancin duniya suka tono wata ƙwallon zinariya, a ciki akwai mace da namiji da suka yi shekara 900,000 suna barci, ragowar wata al'umma da ta fi tamu ilimi amma ta hallaka kanta da makami. Aka farkar da macen, Eléa. Tana zaton namijin da ke gefenta shi ne masanin da ya raba ta da masoyinta Païkan, sai ta sa guba a jininta lokacin da ake ɗibarsa ana ƙara masa, ashe Païkan ɗin ne. Littafin ya ci kyautar masu sayar da littattafai ta Faransa a 1969, kuma shi ne aka fi saninsa da shi a yau. Daga nan ya riƙa rubutu a jaridar Le Journal du Dimanche, ya kuma fitar da wasu littattafan, irin su Le Grand Secret a 1973.

A Zariya kuwa

A wannan shekara ta 1969, wadda a watan Yulinta Amurkawa suka sauka a kan wata, kamfanin NNPC na Zariya ya buga wani ɗan littafi da Hausa mai suna Tauraruwa Mai Wutsiya, na Umaru Dembo, wanda kuma shi ne marubucin Wasannin Yara. Kafin shi, jaruman littattafan Hausa irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, waɗanda suka fito daga gasar rubutu ta 1933, idan za su yi tafiyar ban mamaki da aljanu da tsafi suke yin ta. Dembo ya kawo baƙo daga sararin sama, Kolin Koliyo, wanda ya ɗauki wani yaro mai suna Kilba ya zaga da shi sama da ƙarƙashin teku. Abin bai yi wa mutanen arewacin Nijeriya nisa ba kamar yadda za a zata, domin a farkon shekarun 1960 hukumar sararin samaniyar Amurka tana da tasha a Kano da ke bin sawun kumbunan da ke wucewa da mutum a ciki.

Idan aka ajiye littattafan biyu gefe da gefe, sai a ga kowane marubuci ya tura jaruminsa inda shi ba ya nan. Bafaranshen da ke zaune a cikin birnin da injuna suka cika, wanda ya ga abin da jirgin yaƙi da tankar yaƙi suka yi wa ƙasarsa, ya mayar da nasa gona ya rufe ƙofa. Bahaushen da ya san gona da kiwo ya ɗaga nasa sama ya je ya gani ya koyo. Yaranmu na zango da suke karanta Faransanci a makaranta suna jin Hausa a gida suna da damar da ba kowa ke da ita ba, ta karanta duka biyun, in har wani ɗan kasuwa mai zuwa Kano ko Zariya ya tuna ya sako na biyun a cikin kayansa.

Shekarar 2052 ba ta da nisa yanzu. A watan Yuni na 2021 aka buɗe babbar tashar wuta mai aiki da hasken rana a Blitta, nan kusa da Langabou, mai ƙarfin megawat 50 a lokacin buɗewa, kuma tun 2017 shirin CIZO yake kai ƙananan faifan rana gidajen karkara. Yaron da aka raɗa wa suna a makon da aka buɗe tashar Blitta zai cika shekara 31 a shekarar da Barjavel ya sa wa duhunsa, a kan rana kuma, wadda ya ɗora wa alhakin ɗaukewar wutar, garinsu yake dogara.

Barjavel ya mutu da ciwon zuciya a Paris ran 24 ga Nuwamba 1985, yana da shekara 74. Aka ɗauki gawarsa zuwa kudu, aka binne shi a Tarendol, wani ɗan ƙauye na danginsa a cikin duwatsu, wanda tun 1946 ya sa wa ɗaya daga cikin littattafansa sunansa.